Ɗokin Sabo da Ribar Haƙuri: Sayen Wasannin Bidiyo a Garin Jos

Gabatarwa

Masu iya magana sun ce sauri ya haifi nawa, sun kuma ce mahaƙurci mawadaci. Waɗannan karin magana sun girmi lantarki da talabijin, amma duk wanda ya san kasuwar wasannin bidiyo zai ga kamar don ita aka yi su. A kowace shekara kamfanonin Japan da Amurka da Turai suna fitar da sababbin wasanni, ana ta kururuta su tun watanni kafin fitowarsu, har matashi ya ji cewa idan bai mallaki wasa a makon da ya fito ba, to sa'o'insa sun bar shi a baya. A garin Jos, inda ƙwallon ƙafa ta zama ruwan sha ga samari, wannan ɗoki ya fi bayyana a kan wasannin ƙwallo. Sai dai kuɗin da ake sayen sabon wasa guda ɗaya ya isa ya ciyar da ɗalibi na tsawon watanni. Saboda haka wannan maƙala za ta yi bayani a kan yadda ake yanka wa wasa farashi, da abin da mai saye yake samu idan ya jira, da kuma wuraren da jiran yake zama na gawon shanu.

Wasan Bidiyo da Zamansa a Jos

Wasan bidiyo, wanda samari suka fi kira gem, wasa ne da ake yi ta hanyar na'ura mai ƙwaƙwalwa, inda mai wasa yake sarrafa hotunan da ke motsi a fuskar talabijin ko kwamfuta ko wayar hannu. Na'urar da ta fi karɓuwa a ƙasar nan ita ce PlayStation ta kamfanin Sony, wadda ta fara fitowa a Japan a shekarar 1994. An fitar da ta biyu a 2000, ta uku a 2006, ta huɗu a 2013, ta biyar kuma a 2020.

Akasarin samarin Jos a gidan gem suka fara riƙe abin sarrafa wasa, wato ɗan shagon da ake jera talabijin da benci, mutum ya biya 'yan kuɗi ya buga wasa ɗaya, wanda aka ci ya tashi ya ba na baya wuri. Irin waɗannan shaguna ba baƙi ba ne a Unguwar Rogo da Dilimi da Gangare da titin Bauchi, har zuwa Bukuru. Wasan da ya riƙe su tun farko shi ne na ƙwallo, wato FIFA na kamfanin EA da kuma PES na kamfanin Konami. Wannan ba abin mamaki ba ne a garin da ya haifi Mikel Obi, wanda ya ɗauki Kofin Zakarun Turai da Chelsea a 2012, da Ahmed Musa, wanda ya zura ƙwallo biyu a ragar Ajantina a gasar cin kofin duniya ta 2014, ya sake zura biyu a ragar Iceland a ta 2018. Yaro a Jos yana iya zaɓar ɗan garinsu a cikin na'ura ya buga wasa da shi.

Kayan wasan kuwa ba a nan ake yin su ba. Daga Dubai da Sin da Turai suke shigowa Legas, su bi ta kasuwar Alaba da ta kwamfuta da ke Ikeja, sannan su hau tudu zuwa shagunan da ke kewayen Taminus da titin Ahmadu Bello, inda 'yan kasuwa suka bazu tun bayan gobarar babbar kasuwar Jos a watan Fabrairun 2002. Ke nan kafin faifai ya iso hannun mai saye, ya ɗauki kuɗin canji da na jirgi da na mota da ribar hannu uku ko huɗu.

Akwai wani abu da ya kamata a lura da shi a nan. Tun asali, jama'armu masu jira ne ko da ba su shirya ba. PlayStation ta biyu ta ci gaba da aiki a gidajen gem shekaru da dama bayan fitowar ta uku, haka ita ma ta ukun ta daɗe tana ci bayan fitowar ta huɗu, kuma babu wanda ya ce daɗin wasan ya ragu. Abin da ya canza shi ne zuwan wayar zamani da YouTube da TikTok, waɗanda suka sa yaron Gangare yake ganin tallar sabon wasa a daidai lokacin da yaron Landan yake ganin ta. Ɗokinsu ya zama ɗaya, amma aljihunsu ya sha bamban.

Yadda Ake Yanka wa Wasa Farashi

Domin a fahimci dalilin da ya sa jira yake da riba, sai an san yadda ake kashe kuɗi wajen ƙirƙirar wasa. Babban wasa yakan ɗauki ɗaruruwan ma'aikata shekara huɗu ko biyar ko fiye suna aiki a kansa. Takardun da suka fito a wata shari'a a Amurka a shekarar 2023 sun nuna cewa Sony ya kashe kimanin dala miliyan 220 wajen yin wasan The Last of Us kashi na biyu. To amma da zarar an gama aikin, buga ƙarin faifai ɗaya ba ya cin wani abin kirki, wanda ake saukewa ta intanet kuwa kusan a banza kamfani yake samar da shi. Wannan ya bambanta wasa da buhun dankali, domin kowane buhu sai an noma shi, an haƙe shi, an ɗauko shi daga Bokkos ko Mangu.

Saboda haka dabarar kamfani ita ce ya fara sayarwa da tsada ga masu ɗoki waɗanda ba sa iya jira. Idan ya gama tatsar waɗannan, sai ya rage farashi domin ya jawo masu matsakaicin ƙarfi, daga baya ya sake ragewa don ya kwashe sauran. Ko a kashi ɗaya cikin huɗu na farashin farko ya sayar, riba ce a wurinsa, tunda an riga an biya kuɗin aikin. Wasan GTA na biyar, alal misali, ya tara dala biliyan ɗaya cikin kwana uku da fitowarsa a watan Satumbar 2013. A watan Mayun 2020 kuwa, shagon intanet na Epic Games ya raba wannan wasa kyauta na tsawon mako guda ga masu kwamfuta.

Dangane da farashin ranar fita, dala 60 ce ta zama ƙa'ida ga manyan wasanni tun daga wajejen 2006. Da PlayStation ta biyar ta fito a 2020 sai aka fara ganin dala 70, sannan a watan Yunin 2025 kamfanin Nintendo ya sayar da Mario Kart World a kan dala 80.

Lissafi a Kan Naira

Dala 70 a kunnen Ba'amurke kuɗin cefanen kwana biyu ne ko uku. Bari mu juya ta zuwa kuɗinmu. A watan Yunin 2023 gwamnati ta sakar wa naira mara, daga kimanin 460 a kan kowace dala a farashin hukuma, har ta haura 1,500 a watan Fabrairun 2024. Idan aka yi lissafi a kan 1,500, wanda a kewayensa canji ya riƙa kai-komo a 2024 da 2025, dala 70 ta zama naira 105,000, tun kafin ɗan kasuwa ya ɗora ribarsa. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024 naira 70,000 ne. Wato ma'aikacin da ke kan wannan mataki sai ya yi aikin wata ɗaya da rabi, bai ci ba bai sha ba, kafin ya sayi wasa guda. Ɗalibin da ke karɓar naira 20,000 a wata daga asusun ba ɗalibai rance da aka fara a 2024 kuwa, sai ya tara kuɗin fiye da wata biyar.

Idan wannan ɗalibi ya jira har farashin ya sauka zuwa dala 20, abin da zai biya a kan wancan canji naira 30,000 ne. Ragowar naira 75,000 kuɗin littattafai ne da na hoton takardu da na motar zuwa gida hutu, alhali wasan da zai buga shi ne dai wanda abokinsa ya buga bara.

Ribar Farko: Saukar Farashi

Saukar farashi tana da lokutanta sanannu, kamar yadda duk matar gida a Jos ta san lokacin da tumatir yake yin araha a kasuwar Farin Gada. Shagon Steam, wanda kamfanin Valve ya buɗe wa masu kwamfuta a 2003, yana yin babbar garaɓasa a wajejen ƙarshen watan Yuni da kuma ƙarshen Disamba. Shagunan PlayStation da Xbox su ma suna yin tasu, musamman a ƙarshen Nuwamba lokacin ranar rangwamen da ake kira Black Friday. Wasan ƙwallo na EA yakan fito ne a ƙarshen Satumba, kuma wata biyu kacal bayan haka ake fara zaftare masa farashi. FIFA 22 ya fito a farkon Oktoban 2021, a watan Mayun 2022 ya shiga jerin wasannin da Sony yake bai wa masu biyan kuɗin PlayStation Plus ba tare da ƙarin ko kwabo ba. Haka aka yi wa FC 24 a watan Mayun 2024, wata bakwai da 'yan kwanaki bayan fitowarsa.

Ga wanda yake amfani da faifai akwai wata ƙofar, wato ta hannu. Mutumin da ya saba shiga kasuwar Katako neman gwanjo ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani. Wanda ya sayi wasan labari da tsada yakan gama shi cikin mako biyu ko uku, daga nan faifan ya zama kaya a ɗaki, sai ya sayar ko ya yi musaya da ciko. Faifan da bai karce ba kuwa, abin da ke cikinsa ɗaya ne da na cikin leda.

Riba ta Biyu: Wasan da Aka Gama Yi wa Faci

A zamanin da na'urori ba su haɗe da intanet, duk kuskuren da ya shiga faifai ya shiga ke nan, don haka kamfani yakan yi taka-tsantsan kafin ya buga. Da na'urori suka fara hawa intanet sai aka sami damar aika gyara daga baya, wanda za mu iya kira faci, kamar dai na tayar keke. Wannan dama ta zo da alheri, ta kuma zo da sakaci, domin kamfani yana iya fitar da wasan da bai nuna ba don kada ranar da ya yi alkawari ta wuce, da nufin sai ya gyara daga baya. A irin wannan hali, wanda ya fi kowa biyan kuɗi shi ne yake samun wasa mafi muni.

Misalin da aka fi kafa hujja da shi shi ne Cyberpunk 2077 na kamfanin CD Projekt da ke ƙasar Folan. Kafin ya fito ranar 10 ga Disambar 2020, an riga an biya kuɗin kwafi miliyan takwas. Da aka buɗe shi, musamman a kan PlayStation ta huɗu, sai ya riƙa sandarewa yana mutuwa, hotuna suna wargajewa. Abin ya yi muni har Sony ya cire shi daga shagonsa bayan kimanin mako guda, ya yi tayin mayar wa mutane kuɗinsu, bai dawo da shi ba sai a watan Yunin 2021. Gagarumin gyaran da ya mayar da wasan abin yabo kuwa sai a watan Satumbar 2023 ya zo. Wanda ya saya a lokacin ya biya kuɗi kaɗan, ya kuma sami wasan da aka yi wa mutane alkawari tun farko.

Masoya PES su ma sun ɗanɗana. A ranar 30 ga Satumbar 2021 Konami ya fitar da eFootball 2022 a madadin PES, sai ga fuskokin 'yan wasa a karkace, gudunsu abin dariya. Kamfanin ya fito ya ba da haƙuri, cikakken wasan kuma bai samu ba sai a watan Afrilun 2022. Gidajen gem da suka riƙe tsohon PES ɗinsu ba su yi asarar komai ba.

A nan ne ya kamata a yi maganar biyan kuɗi tun kafin wasa ya fito. Kafin alƙalami yana da ma'ana idan kaya kaɗan ne, ana tsoron kada su ƙare. Wasan da ake saukewa ta intanet ba ya ƙarewa, saboda haka biyan kuɗinsa tun ba a gan shi ba cinikin biri ne a sama. Mai saye a Turai yana da inda zai kai ƙara. Steam ma yana mayar da kuɗi idan ba a wuce kwana 14 da saye ba, kuma ba a buga wasan fiye da awa biyu ba. Amma wanda ya sayi faifai a Taminus ya yage ledarsa, wa zai mayar wa? Mai shago bai yi laifi ba, shi ma sarowa ya yi.

Riba ta Uku: Cikakken Wasa, Data da Wuta

Yawancin manyan wasanni ba sa fitowa a dunƙule. Bayan an sayar da uwar wasan, sai a riƙa fitar da ƙarin babi-babi ana karɓar kuɗinsu daban. Bayan shekara ɗaya ko biyu kuma sai a haɗa komai a faifai guda a sayar da rangwame. The Witcher kashi na uku ya fito a watan Mayun 2015 a kan dala 60, aka biyo shi da manyan ƙari guda biyu na kuɗi. A watan Agustan 2016 aka fitar da shi haɗe da duka biyun a kan dala 50.

Sai kuma batun data, wanda masu sharhin ƙasashen waje ba su cika damuwa da shi ba. Faifan PlayStation ta biyu bai cika wuce giga biyar ba. Wasannin PlayStation ta huɗu da ta biyar kuwa suna cin giga hamsin zuwa ɗari, wani wasan yaƙi na Call of Duty ma ya haura giga 200 a kan kwamfuta a shekarar 2020. A watannin farko na fitowar wasa ne ake yawan turo faci, wani bayan wani, kowanne da nauyinsa. Wanda ya saya da wuri zai sauke su duka ɗaya bayan ɗaya, mai jira kuwa na ƙarshe kawai zai sauke, wanda ya ƙunshi na baya. Idan aka tuna cewa a watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kashi 50 cikin ɗari a kan kuɗin kira da data, za a ga wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ga kuma matsalar wuta: saukar da giga hamsin yana buƙatar awoyi, idan aka ɗauke wuta sai an tayar da janareta, man fetur kuma kowa ya san inda farashinsa ya nufa tun bayan cire tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023.

Ƙari a kan haka, mai jira yana cin moriyar idon wasu. Bayan wata uku da fitowar wasa, dubban mutane sun buga shi sun faɗi ra'ayinsu, hayaniyar talla ta lafa. A lokacin ne ake gane wanda ya yi mai da wanda girin-girin ne kawai.

Inda Jira Ba Ya Biya

Adalci ne a faɗi cewa ba kowane jira ne yake haifar da ɗa mai ido ba.

Na farko, naira tana iya cinye rangwamen. A farkon 2023 ana sayar da dala a kan kimanin naira 750 a kasuwar bayan fage, don haka wasan dala 60 ya kama naira 45,000. Wanda ya jira shekara ɗaya har aka raba farashin biyu ya koma dala 30, ya tarar dala ta kai 1,500, sai ya biya naira 45,000 ɗin dai. Wannan darasi ne da mai jira a Amurka bai san shi ba. Faifan hannu da ke yawo a cikin gari ya fi tsira daga wannan matsala, ko da yake shi ma yakan bi sawun dala sannu a hankali.

Na biyu, na'urorin kansu sun daina bin tsohuwar al'ada ta yin araha idan sun kwana biyu. PlayStation ta biyar mai cin faifai ta fito a kan dala 500 a 2020, amma a watan Agustan 2025 Sony ya ɗaga ta zuwa dala 550 a Amurka. Haka kuma wasannin da Nintendo yake yi da kansa, irin su Mario da Zelda, ba su cika sauka sosai ba ko da sun shekara biyar.

Na uku, akwai wasannin da rayuwarsu ta dogara ga manyan kwamfutocin kamfani, ba a buga su sai ta intanet tare da wasu mutane. Irin waɗannan idan jama'a suka watse, ko kamfani ya kashe kwamfutocinsa, wasan ya mutu. Kamfanin Ubisoft ya rufe wasan tseren motoci na The Crew a ƙarshen watan Maris na 2024, kusan shekara goma bayan fitowarsa, faifan da ke hannun mutane ya zama marfin tulu. Wanda ya saye shi da araha ana dab da rufewa, arahar ba ta yi masa ado ba.

Na huɗu shi ne mai gidan gem. Shi lissafinsa daban ne, domin wasa jari ne a wurinsa. Idan kakar ƙwallo ta fara, aka yi cinikin 'yan wasa, samari suna son ganin kowane ɗan wasa a sabuwar ƙungiyarsa da sabuwar rigarsa. Shagon da ya riga kawo sabon wasa shi zai cika, kuma cikin makonni yana iya fanshe kuɗinsa. Wannan ma alheri ne ga ɗalibi: da 'yan canjin da ke aljihunsa zai iya ɗanɗana sabon wasan a can, ya kashe ƙishirwarsa, ba tare da ya ɗauki nauyin dubu ɗari ba.

Na biyar, a wasannin labari akwai haɗarin wani ya ɓata maka daɗi ta hanyar faɗa maka ƙarshen labarin, kamar mai ba da labarin fim a bakin ƙofar silima. Maganin wannan shi ne kauce wa shafukan da ake tattauna wasan har sai ka buga.

Jira Daban, Satar Fasaha Daban

Wani zai ce ai duk wannan dogon lissafi ne, tunda akwai masu fasa na'ura su loda mata wasanni da yawa a kan kuɗi kaɗan. Gaskiya ne wannan hanya ta daɗe a kasuwanninmu tun zamanin PlayStation ta biyu. Sai dai mutanen Jos sun fi kowa sanin illar satar fasaha, kasancewar garin shi ne mazaunin Hukumar Fina-finai ta Nijeriya da makarantar koyon aikin fim ta ƙasa, kuma masu shirya fina-finan Hausa a Jos da Kano sun ga yadda masu kwafar faifai suka durƙusar da kasuwarsu. Ban da wannan, na'urar da aka fasa ba ta karɓar sabon gyara daga kamfani, idan kuma aka hau intanet da ita ana iya toshe ta. Mai jira yana biyan mai fasaha haƙƙinsa, illa dai ya zaɓi lokacin da aljihunsa zai iya.

Shawarwari

Daga abin da ya gabata, ga wasu matakai da za su taimaka wa mai sha'awar wasa:

1. Kada a biya kuɗin wasa kafin ya fito, komai daɗin tallarsa.

2. Wasan labari na mutum ɗaya a ba shi aƙalla wata shida zuwa shekara. Labari ba ya tsufa, kuma a lokacin an gama yi masa faci.

3. Wasan ƙwallo, idan har sai an mallake shi, a jira rangwamen ƙarshen Nuwamba ko na Disamba, lokacin da kakar wasa ba ta ko kai rabi ba.

4. Wasan da ba a buga shi sai ta intanet, a bincika ko har yanzu akwai jama'a a cikinsa kafin a saya.

5. Wajen sayen na'ura, a fifita mai cin faifai a kan marar ci ko da ta ɗan fi tsada, domin ita ce take ba da damar aro da musaya da sayen na hannu. Kada kuma a raina tsohuwar na'ura: FC 26 da ya fito a watan Satumbar 2025 ya fito har a kan PlayStation ta huɗu, shekara goma sha biyu bayan ƙera ta.

6. A gwada faifan hannu a gaban mai shi kafin a miƙa kuɗi.

7. Kada garaɓasa ta zama tarko. Wanda ya sayi wasa biyar don sun yi araha, bai buga ko ɗaya ba, ya fi mai sayen guda ɗaya da tsada asara.

8. Kuɗin rajista da na abinci da na littafi ba kuɗin gem ba ne. Wasa zai jira, ranar rufe rajista ba ta jira.

Kammalawa

Wannan maƙala ta yi ƙoƙarin nuna cewa tsadar wasa a ranar fitowarsa kuɗin ɗoki ne, domin kayan da ake sayarwa a ranar shi ne za a sayar bayan shekara, sau da yawa ma na bayan ya fi inganci. An ga yadda mai jira yake samun saukar farashi, da wasan da aka gama gyarawa, da ƙarin babi a haɗe, da sauƙin data. An kuma ga inda lissafin yake juyewa, wato faɗuwar naira, da tashin farashin na'urori, da wasannin da suka dogara ga intanet, da kuma buƙatar mai gidan gem. Abin da ake so ga ɗalibi shi ne ya san wane irin wasa ne a gabansa, ya kuma san nauyin aljihunsa, sannan ya yanke hukunci da kansa, kada talla ta yanke masa. Darasin bai tsaya ga gem kaɗai ba, ya shafi sabuwar waya da sabon yayin shadda ana gobe Sallah. Daidai ruwa, daidai tsaki, kuma sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.